Garatu: Doya a bakin titi, zinare a rafi, kifi a tsakani

Mai karatu, idan Allah Ya kai ka Minna kuma ka yi niyyar zuwa Bida, to daga shataletalen Kpakungu za ka kama hanya. Sai ka yi haƙuri da wurin, domin tirela da tankar mai da Keke Napep da 'yan acaɓa duk a nan suke haɗuwa, kowa kuma yana ganin shi ne mai gaskiya. Da ka kuɓuta daga wannan hargitsi sai gidaje su fara raguwa, gonaki su fara yawa. Za ka wuce Gidan Mangoro, ka wuce ƙofar Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, inda ɗalibai ke tsaitsaye suna jiran mota. Ka ƙara 'yar tafiya kaɗan, sai ka fara ganin tarin doya a gefen titi, an jera ta kamar bulon gini. To ka iso Garatu ke nan.

Garin yana cikin ƙaramar hukumar Bosso ne. Ƙasar Gbagyi ce, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwarawa, amma ranar kasuwa babu harshen da ba za ka ji ba: Banufe na ciniki da Bahaushe, Bafulatana na tallar nono, direba Bayarabe na neman lodi zuwa kudu. Har yanzu za ka ga dattijuwa ta ɗauko kaya a kafaɗa maimakon a ka, yadda matan Gbagyi suka gada. Doya kuwa da ƙwarya ake cinikinta, wato guda ɗari, kuma idan ba ka iya taya ba gara ka nemi wanda ya iya, don dillalan nan sun fi ka sanin abin da ke aljihunka.

Ba doya ce ta sa na tsayar da kai a nan ba. Dubi can gefe, inda mata ke zaune da faranti a gabansu, an jera bandar kifi baƙi wuluk yana ƙyalli. Ga tarwaɗa an naɗe ta an soke wutsiyar a baki da tsinke, ga karfasa, ga ƙurungu mai ƙaya uku. Ƙamshin kaɗai ya isa ya sa ka tuna miyar kuka ta gidanku. Ranar da na tsaya, wata dattijuwa ce na durƙusa a gabanta.

"Sannu da rana, Inna. Kifin nan daga ina?"

"Na ruwa ne, Malam. Ba na kiwo ba ne. Ɗauki ka shinshina."

Iyakar amsar ke nan, kuma ga yawancinmu ta wadatar. Ni da kai da uwargida duk mun yarda cewa kifin ruwa ya fi na kiwo daɗi, ya fi shi ƙarko a miya, har muna ƙara kuɗi a kansa. Na gidan gona mukan ce an ɗura masa abincin kanti, ya yi kitse babu ɗanɗano. Wannan gaskiya ne a baki. Sai dai akwai tambaya ta biyu da ba mu saba yi ba: wane ruwa?

Inna ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce wani daga masuntan kusa take saye, wani kuma 'yan sari ke kawo mata daga nesa, duk a kan wuta ɗaya ake banda su. Haka abin yake a kowace kasuwa, daga Garatu har 'Yankura. Da zarar hayaƙi ya rufe kifi, babu mai iya cewa ga inda ya yi iyo.

Jihar Neja kuwa jihar ruwa ce. A cikinta madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru suke, kuma ruwan madatsar Jebba ma yana kwance a gefenta. Kogin Kaduna, kafin ya shigo jihar, sai da ya ratsa birnin Kaduna ya kwashi abin da magudanan Kakuri da Makera suka zubo masa, ya haɗa da na rafin Romi da ke bi ta kusa da matatar mai, sannan ya gangaro Shiroro, ya wuce Zungeru da Wuya, ya faɗa Kwara a Muregi. Minna kanta tana da kogin Chanchaga da madatsar Tagwai, inda mutanen gari ke samun ruwan famfo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai ɗaruruwan ƙananan rafuka da ke ciyar da shi. A bakin irin waɗannan rafukan ne labarin yake farawa.

Idan kana da sauran ƙarfi, bar kasuwar ka hau babur ka bi ɗaya daga cikin hanyoyin da suka yi daji tsakanin Garatu da Kataeregi. Ba za ka yi nisa ba za ka ga ƙasa ta canza: ramuka nan da can kamar gyare ya yi aiki, tulin jar ƙasa, buhuna cike da duwatsu. Kafin ka ga rafin za ka ji ƙarar inji. Ruwan kuma idan ka hango shi, launinsa kamar kunun tsamiya da aka dama da kauri. Samari ne a ciki har gwiwa, kowa da kaskonsa yana jujjuyawa, yana zubar da yashi a hankali, idonsa na kan ɗan baƙin da zai rage a gindin kaskon. Wasu sun kafa katako a karkace sun shimfiɗa masa tsohon kafet, suna kwarara niƙaƙƙen dutse da ruwa a kai. Akwai 'yan gari, akwai baƙi daga Zamfara da Katsina da Kebbi, har da na ƙetaren iyaka.

Neman zinare a wannan yanki ba sabon abu ba ne. Tun zamanin Turawa, musamman a shekarun 1930, ake haƙarsa a kewayen Minna da Birnin Gwari. Abin da ya canza shi ne yawan hannuwa da kuma injin niƙa. Ni dai ban iya zagin yaran nan ba. Wanda na yi hira da shi bai wuce shekara ashirin ba, ya ce da ni: "Yallaɓai, in na samu a sati ɗaya, ya fi abin da gonar babana ke ba mu a wata uku." Me za ka ce masa? Yunwa ba ta jin wa'azi.

Amma ga abin da yake faruwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Zinare ba ya zama shi kaɗai a cikin dutse. Sau da yawa yana maƙwabtaka da dalma da wasu ƙarafa masu guba irin su asenik da kadimiyom. Dutsen dalmar nan ma ka san shi, domin shi ne mai ƙyallin nan da kakanninmu ke niƙawa su yi tozali, abin da ya sa likitoci ke hana a ɗiga wa jarirai kwalli a ido. Muddin dutsen yana kwance a ƙarƙashin ƙasa, babu ruwansa da kowa. Da an fasa shi an niƙe ya zama gari, to an kwance masa ɗauri: iska ta ɗauki rabonta, ruwa ya ɗauki nasa.

Sai kuma zaiba, ruwan ƙarfen nan mai gudu kamar azurfa narkakkiya, wanda ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Masu wankin zinare da yawa suna zuba ta a cikin garin dutse domin ta tattaro ƙwayoyin zinare su dunƙule. Sai a matse dunƙulen a ƙyalle, a ɗora a wuta, zaibar ta tashi ta bi iska, zinare ya rage. Mai ƙonawa ya shaƙi nasa nan take. Wadda ta zube a ruwan wanki kuma ta nutse cikin laka. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce irin wannan ƙaramar haƙar zinare ita ce kan gaba wajen sakin zaiba a iskar duniya, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk wadda ɗan Adam ke saki.

A cikin laka akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke juya zaiba ta koma wani nau'i da ke manne wa tsoka. Daga nan sai ta fara hawan tsani. Ƙwaron ruwa ya ci gansakuka mai ɗauke da ita, ƙaramin kifi ya ci ƙwari dubu, babban kifi ya ci ƙananan kifaye ɗari, kuma babu wanda jikinsa ke fitar da ita da sauri. Saboda haka ruwan da awo zai nuna gubarsa ba ta taka kara ta karya ba, yana iya haifar da giwan ruwa ko tsage mai ɗauke da ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin ruwan. Wanda ke saman tsanin kuwa shi ne mai riƙe da cokali.

Mutanen Japan sun riga kowa ɗanɗana wannan. A garin Minamata, wani kamfanin sinadarai mai suna Chisso ya yi shekaru yana zubar da ruwa mai zaiba a gaɓar teku. Kyanwoyin garin ne suka fara nunawa: suna tangaɗi, suna juyi kamar masu bori, wasu su faɗa ruwa. A 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane, masunta da iyalansu, hannu na karkarwa, magana na sarƙewa, gani na ƙuntata. Mata da su kansu ba su nuna wata alama mai tsanani ba suka riƙa haifar yara masu lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince a hukumance cewa daga masana'antar ne. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan taƙaita amfani da zaiba, wadda Najeriya ta tabbatar da shigarta a 2018.

To yaya za a gane kifi ya sha wuya alhali ga shi yana iyo lafiya lau? A nan ne masana suka samo wata dabara da ta burge ni, kuma ina so ka ɗan ba ni hankalinka.

Kusan kowace irin ƙwaya a jikin mutum da dabba tana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai abin da ake kira DNA. Ɗauke shi kamar kundin da malami ya gada daga kakansa, wanda a ciki aka rubuta yadda za a gina jiki da yadda za a tafiyar da shi. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, sai an kwafe kundin kaf an ba kowace nata. Kuskure yakan faru, don haka Allah Ya sanya wa ƙwayar masu bi suna dubawa suna gyarawa. Ƙarafan nan ɓarna biyu suke yi. Suna haddasa wasu sinadarai masu cin abu kamar tsatsa, waɗanda ke yaga shafukan kundin. Sannan irin su kadimiyom da asenik da dalma suna ɗaure hannun masu gyaran. Ka ga an yaga littafi, an kuma kori mai ɗinki.

Jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam ba su da cibiya idan sun nuna, amma na kifi suna da ita. Wannan ne ya sa jinin kifi ya zama madubi. Mai bincike zai kamo tarwaɗa ko karfasa da rai, ya zuƙi ɗigon jini daga jijiyar kusa da wutsiya, ya shafa a ɗan gilashi, ya rina, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Lafiyayyar ƙwaya cibiya ɗaya gare ta, mulmulalliya. Wadda kundinta ya yage kuwa, sai ka ga wani ɗan ɗigo ya ware a gefen cibiyar, guntun da ya ɓalle aka bar shi a baya lokacin rabuwa. Sai a ƙirga ƙwayoyi dubu ko dubu biyu a ga nawa ne ke da wannan ɗigo, a kwatanta da kifin ruwa mai tsabta. Akwai gwaji na biyu da aka ƙirƙiro a shekarun 1980: a saka ƙwayoyin a cikin wani abu mai kama da daskararren sitaci, a sakar musu lantarki kaɗan. Kundin da ke cikakke yana zama a dunƙule. Wanda ya karairaye sai guntayen su ja baya su yi jela, kamar tauraruwa mai wutsiya. Gwargwadon tsawon jelar, gwargwadon ɓarnar.

An yi irin waɗannan gwaje-gwaje a koguna da yawa na duniya, har da namu na Najeriya, kuma abin da ake yawan gani iri ɗaya ne: kifin da aka kamo ƙasa da inda ake zubar da dagwalon masana'anta ko ruwan wankin ma'adinai ya fi na sama yawan ƙwayoyi masu rauni. A jikin kifin, ƙarshen abin shi ne ƙwai da ba ya ƙyanƙyashewa, 'ya'ya masu karkataccen baya, hanta mai ƙari. Idan tsohon masunci ya ce maka da can koma ɗaya ke cika kwando amma yanzu sai a wuni ana jefa taru, dalilan suna da yawa, ciki har da kamun wuce kima da raga mai ƙananan ido. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Na san tambayar da ke bakinka: in na ci kifin da kundinsa ya lalace, nawa ma zai lalace? A'a. Cikinka yana narkar da DNA ɗin kifi kamar yadda yake narkar da na wake da na shinkafa, lafiyayye ne ko yagagge. Raunin ba ya yaɗuwa. Ƙarfen da ya yi raunin shi ne ke wucewa, domin shi ba ya narkewa, ba ya ruɓewa, wuta ba ta cinye shi. Kifin shaida ne kawai: abin da ya same shi a ruwan nan yana gaya maka abin da ke jiran duk mai shan ruwan, mai wanka a ciki, da mai cin abin da ya fito daga ciki.

A jikin mutum kowane ƙarfe da inda yake sauka. Kadimiyom ƙoda yake nufa, kuma yakan yi shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita. Zaiba ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take bi, tana kuma ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Dalma tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, sai mace ta samu juna biyu jikinta ya fara zaro sinadarin ƙashi don gina na jariri, dalmar ta biyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba zai tsotsa daga abu ɗaya. Mafi yawan lokaci ba ta kayar da yaro. Sai dai a ga ya girma ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi.

Wani lokacin kuma takan kayar. Ba sai mun je Japan ba. A farkon 2010, mutanen wasu ƙauyukan Zamfara sun lura agwaginsu suna ɓacewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Bayan ɗan lokaci sai yara suka fara jijjiga suna mutuwa a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An ce zazzaɓin cizon sauro ne, an ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. Sai da ƙungiyar likitocin MSF ta sa aka auna jini aka ga dalma ce, daga dutsen zinaren da ake dakawa a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. Yara aƙalla 400 suka rasu. Garin Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa.

Shekara biyar bayan na Zamfara, a 2015, abin ya auku a nan jihar Neja, a ƙaramar hukumar Rafi: Shikira da Kawo da Magiro. Hukumomi suka sanar da rasuwar yara 28 'yan ƙasa da shekara biyar. A can ma ƙura ce ta yi kisan, ba kifi ba, kuma ya kamata in faɗi haka ƙarara don kada in ɗora wa kifi laifin da ba nasa ba. Amma dutsen iri ɗaya ne, aikin iri ɗaya ne, kuma abin da bai tashi a ƙura ba ruwan sama ne ke wanke shi zuwa rafi. Agwagin Zamfara da kyanwoyin Minamata sun yi magana ba a saurare su ba. Jinin tarwaɗa yana yin irin wannan maganar tun kafin a kai ga haƙa ƙananan kaburbura.

Kai da ke karanta wannan a Kano kada ka ce ai can ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai da sinadarin kuromiyom suke jeme fata, kuma wanda ya taɓa bi ta rafin Salanta ya ga launin ruwan ya kuma ji warinsa ba ya buƙatar dogon bayani. Salanta Challawa take faɗawa. Jakara da Getsi kuma suna kai nasu kayan madatsar Wasai, inda masunta ke kamun kifi, masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da ake kawo mana kasuwa. Malaman Jami'ar Bayero sun daɗe suna auna waɗannan ruwaye suna rubuta abin da suka gani.

Yanzu uwargida, ke nake wa magana, tunda tukunyar a hannunki take. Kada ki ce daga yau an daina cin kifi a gidan nan. Yin haka asara ce, domin kifi yana cikin abin da ya fi gina jikin yaro da ƙwaƙwalwarsa, kuma ga gidaje da yawa shi ne naman da aljihu ke iya kaiwa. Abin da ake so shi ne zaɓi. Idan kina da juna biyu, ko kina shayarwa, ko za ki ba ƙaramin yaro, ki fifita ƙananan kifaye da masu cin ganye irin karfasa a kan manyan mafarauta irin giwan ruwa da tsage da ƙatuwar tsohuwar tarwaɗa. Na san wannan ya saɓa wa al'ada, don mun saba babban kifi shi ne na girmama baƙo da mai jego. Amma tsufan kifi da girmansa su ne tsawon lokacin da ya ɗauka yana tarawa.

Ki cire kayan ciki kaf, hanta da hanji da duk wani baƙi-baƙi da ke manne a ƙashin baya, haka nan jan abin nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi wanda yake numfashi da shi. A nan ne dalma da kadimiyom suka fi taruwa. Masu son farfesun kai, a fidda wannan jan kafin a ɗora. Idan garin kifi za ki daka don kunun yaye, ki ɓare tsokar ki daka ita kaɗai. Sai dai kada in yaudare ki: zaiba a cikin tsokar take, wanki da lemun tsami ko suya ko banda ba sa fitar da ita. Banda ma ruwa kawai take ƙonewa ta bar ƙarfen a dunƙule. Maganin wannan ɗaya ne, kada gidanki ya dogara ga kifin ruwa guda kullum. Yau na kogi, gobe na kiwo daga gonar da kika san rijiyar burtsatse take amfani da ita, jibi na teku irin sadin ko taitus. Kuma ki riƙa tambayar mai kifinki inda yake sarowa. Ranar farko zai yi miki dariya, amma in mata goma suka tambaya zai fara tambaya shi ma.

Yaron da cikinsa ke da abinci, mai samun wake da zogale da alayyahu da madara, hanjinsa ba ya tsotsar dalma kamar na mai yunwa ko mai ƙarancin jini. In kuwa maigida ko wani ɗanki yana zuwa wurin haƙa, to dutse kada ya shigo gida ko da a aljihu ne, kayan aiki su tsaya a can, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Yaron da ke zaune kusa da irin wannan wuri ya riƙa ciwon ciki da amai da kasala, ko ya yi jijjiga ba tare da zazzaɓi mai zafi ba, ki faɗa wa likita sana'ar gidan da bakinki, ki nemi a auna dalma a jininsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Garatu shi ne kusancin. Daga faranta Inna zuwa Gidan Kwano tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Jami'ar nan, wadda aka kafa a 1983, tana da sashen koyar da kiwon kifi da albarkatun ruwa, tana kuma da cibiyar bincike kan lafiyar abinci. A New Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya. Ɗalibai suna ɗibar ruwa da laka da kifi daga rafukan yankin suna aunawa don rubuta kundin kammala karatu. Ma'aunin ma a rubuce yake: hukumar tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta sa iyakar dalma a tsokar kifi a kan miligiram 0.3 a kowane kilo. A ganina, abin da ya rage shi ne sakamakon ya fito daga kabad ya zo bakin rafi da harshen da masunci zai ji, Gbagyi da Nufanci da Hausa: wannan rafin a kama, wancan a ƙyale shi bana. Sarkin ruwa da mai unguwa da limamin Juma'a za su isar da saƙon fiye da kowace takarda. Hukumomin muhalli na jiha da na tarayya kuma su taimaka wa masu wanki su haƙa kududdufin da ruwan zai kwanta a ciki nesa da rafi, tunda kora da bindiga ba ta hana su dawowa.

Da la'asar na koma wurin Inna. Na ture manyan gefe na tsinci ƙananan karfasa, ta dube ni da mamaki.

"Malam, kai da ka zo da mota, ƙananan za ka ɗauka? Ga babba nan mai mai."

"Na yara ne, Inna."

Ta ƙulla mini a takarda, ta ƙara guda biyu gyara. A hanyar komawa Minna, daidai wata 'yar gada, na sa direba ya rage gudu. Ruwan da ke wucewa a ƙasa ja ne, irin wanda na baro a daji da rana. Yara uku ne zaune a kan dutse da fatsa a hannu, ɗaya ya riga ya kama biyu ya zura su a kara, yana ɗaga wa motoci.